Wa ke komawa ya duba idon bayan an cire bandeji?

Malamin Firamare, Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da yake na san muna da ma'aikatan lafiya a cikinmu, na ga ya dace in kawo ta nan. Mahaifiyata ta haura shekara saba'in, kuma an yi mata aikin yanar ido a idanunta biyu, amma a wurare daban. Na dama an yi shi ne a wani aikin ido kyauta da aka kai yankinsu a Kanam shekara uku da suka wuce, na hagu kuwa mu 'ya'yanta muka haɗa kuɗi muka kawo ta wani asibiti a nan Jos bara. Da na hagun yanzu tana tsince shinkafa a faifai, har ta zira zare a allura ba tare da ta kira jika ba. Na daman kuwa watannin farko kawai ta more shi, daga nan ya koma dishi-dishi, ta ce kamar tana leƙen duniya ta cikin hazon hunturu.

Ba na zargin kowa, domin waɗanda suka zo sun yi don Allah ne, ba su karɓi ko kwabo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ranar da aka rufe aikin an sanar da adadin mutanen da aka yi wa tiyata, aka yi tafi, kuma idon mahaifiyata yana cikin wannan lissafin har gobe a matsayin nasara, alhali ba wanda ya dawo ya tambaye ta ko tana gani. To, da wane ma'auni ake cewa aikin ido ya yi kyau? Kuma idan na ji ana cewa ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza iya aikin yana, me aka auna?

Sista Mai Ritaya, Rikkos:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa Iya lafiya. Na shafe fiye da shekara ashirin a ɗakin duba ido, don haka bari in fara da abin da hannuna ya taɓa. Ma'aunin farko shi ne allon nan mai harafin E da ake ajiyewa tazarar mita shida, ana tambayar mutum inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Idan aka rubuta 6/18 a kati, ma'anarsa abin da mai lafiyar ido zai gani daga mita 18, shi sai ya matso mita 6 yake ganinsa. Tun 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa cikin idanu 100 da aka yi wa aikin yana, aƙalla 80 su kai 6/18 ko fiye, idan kuma an gwada musu tabarau daidai da idonsu su kai 90, sannan waɗanda suka kasa kai 6/60 kada su kai biyar.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. Abin da na gani da idona kuwa, rijistarmu tana da gurbin rana ta farko bayan aiki da gurbin sati na shida, kuma na farkon kullum cike yake, na biyun kuwa sai ka juya shafi bayan shafi ka tarar da shi fari fat. Safiyar da ake cire bandeji tana da daɗi ƙwarai, tsofaffi na kabbara, wani na kallon tafin hannunsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Amma bayan sun hau mota sun koma Wase ko Shendam, wanda ya gani ba ya ganin dalilin kashe kuɗin mota ya dawo, wanda bai gani ba kuma ya yanke ƙauna ya ce ƙaddara ce. Duka biyun sun ɓace mana.

Likitan Ido:
Malam, tambayarka ita ce ainihin abin da masana suka shafe shekaru suna gyarawa, kuma an bi ma'auni har uku, ɗaya bayan ɗaya. Da farko ana ƙirga yawan aikin da aka yi a shekara ga kowane mutum miliyan ɗaya. A ƙarƙashin shirin yaƙi da makanta da aka ƙaddamar a 1999 an sa wa Afirka burin aiki 2,000 ga kowane miliyan, kuma ƙasashe da yawa kudu da Sahara ba su kai ko rabin haka ba, yayin da wasu ƙasashe masu arziki suke kai 10,000. Wannan lissafi yana da amfani wajen sanin ƙarfin ƙasa, sai dai shi ne irin wanda aka yi wa tafi a garinku, domin yana ƙirga wuƙar da ta shiga ido ne kawai.

Daga nan aka koma tambayar cewa, cikin duk waɗanda suke buƙatar aikin, nawa ne suka samu. Wannan ya fi na farko, amma shi ma zai lissafa idon Iya na dama a cikin waɗanda aka biya wa buƙata. Shi ya sa aka fito da na uku, wanda ke cewa, cikin duk masu buƙata, da waɗanda aka yi wa da waɗanda ke jira, nawa ne aka yi wa aikin kuma suke gani da kyau a yau, a halin da aka same su. A watan Mayu na 2021 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da wannan ma'auni, aka ɗaga layin gani mai kyau daga 6/18 zuwa 6/12, aka kuma nemi kowace ƙasa ta ƙara maki 30 kafin 2030, wato wadda take kan kashi 20 cikin 100 ta kai kashi 50. Wani nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe 55, ya nuna girman tazarar: Gini Bisau ba ta kai kashi 4 ba, Hangari kuwa tana kusan kashi 70. A wannan ma'aunin na uku, idon dama na Iya ba zai shiga sahun nasara ba sai an gyara shi.

Alhaji Mai Taya:
Likita, ranka ya daɗe, na karanta bayaninka sau biyu, amma ban gamsu da wannan kwatancen ba. Ta yaya za a ɗora mu a sikeli ɗaya da Turai? Na ji cewa a can mutum yana zuwa a yi masa aiki da zarar fitilar mota ta fara damunsa da dare, mu kuwa tsohonmu ba ya zuwa sai ya shekara biyu yaro na jan sandarsa, idon ya yi fari kamar nono, ga ciwon suga da ba a taɓa aunawa ba. Idan likitanmu ya fitar da irin wannan mutum daga duhu har ya iya zuwa masallaci shi kaɗai, sai a ce ya faɗi jarrabawa don bai karanta ƙaramin layi a allo ba? Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, idan muka matsa da maganar inganci, masu ɗaukar nauyin aikin kyauta za su ja baya, talaka ya rasa duka. Da babu gara ba daɗi.

Likitan Ido:
Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, kuma Turawan da kansu sun yarda da ita. A Birtaniya, inda kwalejin likitocin ido take tattara sakamakon aikin yana daga asibitoci, babban abin da suke bibiya shi ne yawan yagewar tantanin da ke bayan madubin ido, wato ɓangaren da yana ke dusashewa, a lokacin aiki, wanda a can yake faruwa a kusan ido ɗaya cikin 100. Ba sa kwatanta likita da likita kai tsaye, sai sun fara duba irin idon da kowa ya karɓa, da shekarun majiyyaci, da taurin yanar, da ciwon suga, da ƙanƙantar ƙwayar ido, sannan su daidaita lissafin. Idan ba a yi haka ba, wanda ke karɓar idanu masu wahala zai fito a matsayin marar ƙwarewa, kuma ƙarshenta likitoci su riƙa gudun irin tsohon da ka ambata. Saboda haka duk kwatancen ƙasashe da bai rubuta halin ido kafin aiki ba, ni ma ba na ɗaukarsa da muhimmanci.

Inda na rabu da kai shi ne zaton cewa farin ido yana hana gani garau bayan aiki. Yana komai nunarta, idan jijiyar gani da bangon bayan ido lafiyarsu ƙalau, mutum zai iya tashi daga ganin haske kawai ya kai 6/12 ko 6/9. Kuma ba sai ƙasa ta yi arziki ba. Asibitin Aravind da Dokta Venkataswamy ya kafa a Madurai ta Indiya a 1976 da gadaje 11 yana karɓar talakawa masu irin idanun mutanenmu, da yawansu kyauta ko da rangwame, yana yin aikin hannu mai ƙaramin yanka irin wanda muke yi, amma sakamakonsa yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na manyan asibitocin Turai. A 1992 suka buɗe masana'antar madubin roba da ake dasawa a ido, farashinsa ya faɗo warwas, kuma suna rubuta duk wata tangarɗa da ta faru a ɗakin tiyata da sunan likitan da ta faru a hannunsa, don a zauna a gyara.

Idan aiki bai ba da gani ba, galibi dalili ɗaya ne cikin huɗu: ko idon yana da wata cuta tun farko, kamar hawan jinin ido, da ba a gano ba; ko an samu matsala a lokacin aikin; ko ƙarfin madubin da aka dasa bai dace da idon ba kuma ba a ba da tabarau ba; ko wani abu ya biyo baya daga baya. Na ukun shi ya fi ƙona mini rai, domin shi ya fi sauƙin magani. Kowane ido yana da tsawonsa da lanƙwasar gabansa, kuma akwai na'urar da ke auna su cikin mintuna kafin a zaɓi madubi. Inda ba a kawo na'urar ba, sai a dasa wa kowa ƙarfi kusan iri ɗaya, kamar a raba wa gari guda takalmi lamba ɗaya. Aikin ya yi kyau a hannun likita, amma tsohuwa ta koma gida ba ta gane fuskar jikanta daga bakin zaure.

Ɗalibar Jami'a, Unguwar Rogo:
Iyayena, ina neman izini in ƙara wani abu kan maganar Baba Alhaji cewa da babu gara ba daɗi. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma yana ce ta haddasa kusan kashi 43 na makantar. Arewa maso gabas ta fi ko'ina da kashi 6.1, kudu maso yamma kuwa 2.8. Abin da ya fi girgiza ni a ciki shi ne, cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da huɗu cikin goma ba a asibiti aka yi su ba, masu ture yana na gargajiya ne suka soka wani tsinke suka tura ta cikin ido, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanun an same su a makance.

Na kawo wannan ne don dalili biyu. Babu rijistar asibitin da za ta taɓa nuna waɗannan mutane, sai da aka bi gida gida, shi ya sa kwatancen ƙasashe yake dogara da binciken unguwanni na masu shekara 50 zuwa sama maimakon rahoton asibitoci kawai. Sannan a ƙauye labari ne ke tallata aiki. Idan mutum biyar suka dawo daga asibiti biyu ba sa gani, maƙwabtansu ba za su je ba, kuma mai tsinke da zai zo har ƙofar gida ya karɓi akuya ya fi kusa da su. Don haka aiki marar kyau yana cin wanda aka yi wa, yana kuma cin waɗanda suka fasa zuwa saboda shi. Wancan nazarin na ƙasashe 55 ya nuna kuma cewa mata suna bayan maza a samun aiki mai kyau, ga shi su ne suka fi yawa cikin masu yana.

Alhaji Mai Taya:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Maganar tsinken nan ta taɓa ni, domin haka aka yi wa ƙanin mahaifina muna yara, ya kwana uku yana murna, daga baya idon ya yi ja ya rufe har ya koma ga Allah. Na janye rabin maganata. Amma ina roƙon kada a buga sunayen likitoci a jarida.

Direba Mai Ritaya, Bauchi Road:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ne yake rubuta mini wannan, amma ni aka yi wa aikin, don haka ina da ta cewa. Bayan aikina na karanta allon har layin ƙasa, nas ta yaba, aka rubuta a kati cewa komai ya yi daidai. Sai dai da dare idan mota ta haske ni, hasken yana tarwatsewa a idona har sai na tsaya a gefen hanya, kuma wannan ne ya sa na ajiye tuƙi. Allon yana cikin ɗaki mai inuwa, ni kuwa rayuwata a kan titi take. Ina ganin duk ma'aunin da ba a tambayi mai idon ba, akwai saura.

Likitan Ido:
Baba, abin da ka faɗa shi ne inda ƙasashen da suka yi nisa suka dosa. Suwidin, wadda take da rijistar aikin yana ta ƙasa baki ɗaya tun 1992, ta samar da takardar tambayoyi tara da ake ba majiyyaci kafin aiki da bayansa, ana tambayarsa wahalar da yake sha a harkokin yau da kullum, kuma an fassara ta zuwa harsuna da dama. Sai dai a nan ma kwatancen ƙasashe yana da tarko. Cikin tambayoyin akwai karanta jarida, da ganin farashin kaya a kanti, da karanta rubutun da ke ƙasan hoton talabijin. Tsohuwar da ke cefane a Kasuwar Katako tambayar farashi take yi da baki, kuma ba ta taɓa karanta jarida ba. Ita abin da za a tambaye ta shi ne ko tana bambance naira 200 da 500, ko tana ganin baƙin Alƙur'ani ko na Littafi Mai Tsarki, ko tana fita bayi da dare ba tare da ta taka abin da ba ta so ba, ko tana gane akuyarta a cikin garke. Idan aka fassara kalmomin kawai ba a sauya rayuwar da ke cikinsu ba, za a samu lambobi masu kama da juna waɗanda ba abu ɗaya suka auna ba.

Duk da haka kada mu raina amfanin haɗa kai tsakanin ƙasashe. Shigar ƙwayoyin cuta cikin ido bayan aiki abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yakan cinye idon, kuma asibiti ɗaya ba zai tara isassun misalai da zai gane abin da ke hana shi ba. Sai da likitocin Turai suka haɗa majiyyata fiye da 16,000 daga ƙasashe tara, suka wallafa a 2007 cewa sanya maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin idon a ƙarshen aiki yana rage wannan bala'i kusan ninki biyar. Wannan darasi ya isa har ɗakunan tiyatarmu.

Sista Mai Ritaya, Rikkos:
Likita, duk wannan yana da kyau, amma na dawo kan farin gurbin nan na sati shida. Da me za mu auna idan mutanen ba sa dawowa?

Likitan Ido:
Sista, an yi nazari a kan wannan matsalar tak, aka wallafa a 2013, a cibiyoyi 40 na ƙasashe goma a Asiya da Afirka da Latin Amurka. An auna gani cikin kwana uku na farko, sannan aka bi mutanen har gida bayan makonni, aka tarar cewa sakamakon kwanakin farko yana nuna matsayin asibiti daidai gwargwado. Ma'ana ko wanda ya zo aikin mako guda ya tafi ba shi da hujjar cewa ba zai iya aunawa ba, domin kowa yana hannunsa washegarin aiki. Abin da gwajin farko ba zai kama ba shi ne irin na Iya, wanda ya fara da kyau ya dusashe daga baya. Malam, ba zan yanke hukunci ban ga ido ba, amma labarin ya yi kama da duhun tantanin da aka bari a bayan madubin roba, wanda yakan taso bayan watanni ko shekaru, kuma ana buɗe shi da hasken leza cikin 'yan mintuna ba tare da yanka ba. Ka kai ta a auna ganinta, a sa ta leƙa ta ɗan ƙaramin rami a ga ko tabarau ne matsalar, a auna matsin idon, a kuma duba bayansa.

Malamin Firamare, Gangare:
Jama'a, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Ranar Talata na kai Iya, aka yi duk abin da Likita ya lissafa. Idon hagu 6/9, na dama 6/60, leƙe ta ramin bai ƙara komai ba, matsin idon lafiya, kuma an tabbatar tantanin baya ne ya yi duhu, an ba mu ranar leza a wata mai zuwa. Da likitan ya nemi katin aikin farko don ya ga ƙarfin madubin da aka dasa, ɗan guntun takarda kawai muke da shi, mai ɗauke da sunanta da sunan maganin ɗigawa. Wannan karon na roƙa an rubuta mini lambobin idanun biyu a kati, na kuma ɗauki hotonsa a waya.

A hanyar komawa gida Iya ta lissafa mini mutum tara da ta sani a unguwarsu waɗanda aka yi musu aiki a makon da aka yi mata, ta ce uku daga cikinsu sun koma hannun ɗan jagora. Idan an yi hutun makaranta zan je in same su ɗaya bayan ɗaya. Sista, idan ba damuwa, ina so ki koya mini yadda ake riƙe allon nan da yadda ake auna mita shida.

Sista Mai Ritaya, Rikkos:
Ba damuwa Malam, ina da allo ɗaya a gida da igiya mai ƙulli a kan mita shida da mita uku. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da littafi mai layi, za mu ja gurbin suna da shekaru da wane ido da abin da ya gani. Ka tuna a tsakar gida za ka gwada su, rana tana bayan mutum tana haska allon, kuma a rufe ɗaya idon da tafin hannu ba tare da an danna shi ba.